Katin da Na Hana a Wanke

Shekarar da aka riƙa cinye mini dashen tattasai a bakin kogin Komadugu, kai tsaye na ɗora laifin a kan maƙwabcina. Ɗan gudun hijira ne daga Najeriya, bulama, mai garinmu, ya ara masa fili jikin nawa, yana da awaki biyu. Na ga sawun kofato, na ga awaki, me ya rage? Na kai ƙara. Bulama ya ce in ta tabbata, mutumin zai bar filin. Ya yi ta rantsuwa awakinsa ba sa barin turke, ban saurare shi ba. An cuce ni da yawa a rayuwa, rantsuwa ta daina shiga kunnena.

Wani ma'aikacin gandun daji da muke shan shayi tare ya ara mini 'yar kyamara, girmanta bai wuce sabulu ba, mai ɗauka da kanta in abu ya motsa a gabanta. Na ɗaure ta a jikin bagaruwa kwana uku. Na zaro katin da take ajiye hotuna a ciki na sa a salulata, ta ƙi nuna komai.

Na shiga Diffa. Masu zuba waƙoƙi a kati, magani ɗaya suke yi wa duk katin da ya ƙi buɗewa: a wanke shi, wato a goge komai ya koma sabo. Mai shagon da na shiga har ya ɗora yatsa zai wanke, na ce ya cire mini abina. Ba wai na san wani abu ba, a aji huɗu na bar lakwal. Na dai lura ko tambayar abin da ke ciki bai yi ba.

Aka kwatanta mini wani mai ɗaukar bidiyon buki, Bafillatani, sa'ana, ni kuwa Babarbare, ka ga abokan wasa. Ya sa katin a ordinata, wato kwamfuta, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ita kyamarar, da tsarin AVI take ajiye bidiyonta, salulata kuwa MP4 ta sani, sai an juya daga wannan zuwa wancan. Na tambaya ko wani abu zai zube wajen juyin.

"Babarbare, ba nono ba ne," in ji shi. "Zauna, katin ma ya fi ka natsuwa."

Wani koren layi ya yi ta jan jiki. Da ya kai ƙarshe, hoto ya fito.

Gonata ce, gari ya fara wayewa. Barewa ta fito daga cikin ciyawa, ɗanta na biye, ƙafafunsa kamar tsinke. Rabona da ganin barewa a kwarin nan tun ina bin mahaifina gona. Na ɗauka fari da shekarun tashin hankali sun gama da su. Ga ta nan kuwa, ta tsallake hanyar ruwan da na haƙa da hannuna ba ta taɓa ko gefenta ba. Ta ɗaga kai, ta dubi kyamarar, kunnuwanta na juyawa, har motsin hancinta ana gani. Sannan ta sunkuya tana tsinke kan dashena ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Bafillatanin ya daina zolaya. Sau huɗu muka maimaita.

A hanyar komawa zuciya ta raya mini in yi shiru, tunda mu biyu kaɗai muka gani. Ban san me ya hana ni ba. Na dai tarar da kaina a ƙofar bulama. Ya kalla a salulata, ya sa aka kira maƙwabcin, ya ce masa fili na nan a hannunsa.

Na ba shi haƙuri a taƙaice, ban iya doguwa ba. Shi kuwa idonsa na kan barewar.

"Malam, tura mini a wayata," ya ce. "Tsohuwata za ta so ta gani. A garinmu ma akwai su da."