Ladan Magini da Jirgi Mai Ido

Shekara talatin da ɗoriya Ladan magini yana hawa soron mutane a Kiru, ba a taɓa samun matar da ta ce ta ɗaga kai sun haɗa ido ba. Kafin ya jingina tsani sai ya bi maƙwabta zaure-zaure, ya ce gobe za a hau sama, a gaya wa iyali su kintsa. In ya hau kuwa, idonsa na kan yaɓensa kamar mai ciwon wuya. Haka mahaifinsa ya hore shi, don ya san ranar da aka daina yarda da idon magini, ranar sana'arsa ta mutu.

Surukinsa Kamaluddeen, mai sayar da waya a Kano, shi ya kawo masa ɗan jirgin nan mara matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ciki. Ya koya masa tuƙi, ya karanta masa ƙa'idoji: ban da kusa da filin jirgin sama ko barikin soja, ban da kan taron jama'a, kada kuma ya bari ya ɓace masa da gani. Ladan ya riƙe su kamar farillan alwala.

To, dattijo fa ya kamu! Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya ɗaure akwatin jirgin a bayan babur, ya nufi gonarsa a hanyar Ba'awa, nesa da gidan kowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a sama kai a sunkuye, yau ga shi yana kallon duniya son ransa. Ya ga dawarsa layi-layi, ya ga inda ruwa ke cin kunyoyin shuka a gefen gabas, ya ga shanun makiyaya sun gangara rafi. Har dariya yake yi shi kaɗai. Wata shida yana haka, ba wanda ya ce masa kanzil. Mutane sun ɗauka abin wasa ne mai ƙugi kawai.

Sai matarsa Turai, wadda ciwon gwiwa ya hana hawa babur, ta ce, "Malam, ni kaɗai ce ban ga abin nan da ya sace maka hankali ba."

Ya ce zai ɗaga mata shi a tsakar gida, minti biyu ya sauke. Amma jinin magini ya motsa. Abu zai wuce tsayin katanga, kuma yana gani, yaya za a yi ba a sanar ba? Ya zura riga, ya yi sallama da maƙwabcinsa Alhaji Rufa'i mai hatsi.

"Alhaji, zan ɗaga jirgin nan bayan la'asar. Yana da ido, a gaya wa iyali."

"Yana da me?"

"Ido, Alhaji. Hoto yake ɗauka."

Alhaji Rufa'i ya ce, "Tun yaushe?"

Shi ke nan! Ladan bai ma ɗaga jirgin ba ranar. Kafin magariba magana ta gama unguwa: ashe wata shida Ladan na leƙen matan mutane daga sama. Wannan ya ce ya taɓa jin ƙugi iyalinsa na wanka. Wancan ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin dattijo da wasan yara. Don Allah a duba! Mutumin da ya zo da ƙafarsa neman izini, shi ne ɓarawon kallo?

Aka kai shi gaban mai unguwa. Ladan ya durƙusa ya gaisa, ya ciro wayarsa.

"Ranka ya daɗe, ga duk abin da jirgin ya taɓa ɗauka. A duba ɗaya bayan ɗaya. In an ga ko gefen zanen mace, a yi mini duk hukuncin da aka ga dama."

Mai unguwa ya kau da kai. "A'a, Ladan. In akwai iyalin wani a ciki fa? Ni ma in kalla?"

Ladan ya miƙa wa liman, liman ya janye hannu yana a'uziyya. Ya miƙa wa Alhaji Rufa'i, shi ma ya ce Allah ya kiyashe shi ganin tsakar gidan wani. Waya ta zaga zaure kaf, ba wanda ya taɓa ta, kowa na tsare mutuncinsa. Hotunan dawa da shanu suna ciki, ga su nan, amma ba mai kallo. Da Ladan ya ce to a ba mata su duba, aka ce ba a saka mata a zancen manya. Aka rufe da cewa ya ajiye jirgin don a zauna lafiya, ba a ce ya yi ba, ba a kuma ce bai yi ba.

Abin takaicin, ko sati uku ba a yi ba aka yi biki a unguwar. Masu hoto suka zo daga birni da nasu jirgin, suka yi ta shawagi kan gidaje ba sallama ba komai. Jama'a na ɗaga musu hannu, har waina aka aika musu. Su ba su sanar ba, ai ba su da laifi!

Ladan ya tura akwatin ƙarƙashin gado bai yi gardama ba. A ransa, jirgi dai ya tafi, amma shekara talatin ba za ta rushe kan maganar da ba shaida ba.

Da damina ta matso, Alhaji Rufa'i ya aiko kiransa. Ladan ya yi hamdala, ya ce wa Turai an huce. Shi ya gina gidan nan tun daga tushe, ya san kowace azara a ciki. Ya saɓa tsani ya tafi, ya tarar da Alhaji tsaye a bakin zaure, ya cika ƙofa.

"Katangar waje za ka yaɓe mana, Malam Ladan, iya inda hannunka ya kai daga ƙasa. Saman soro na yi magana da wani magini daga garin Ƙofa." Ya nuna gindin bango. "Tsanin, ajiye shi nan."