Kawu Bala da Jinin Tsauni

Duk wanda ya san Kawu Bala a unguwar Ruwais, can bakin teku, ya san ba ya shiga lif. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, ko a hawa na tara aikin yake, da ƙafa zai hau, kaya a kafaɗa. In ka yi magana ya ce, “Ni jinin tsauni ne.”

Wai kakarsa Bahabashiya ce daga can kan duwatsu, kakansa ya auro ta a garin Gadarif kan hanyar hajji. Tun da ya kalli wani shiri a talabijin kan yadda mazauna tsaunuka ke jure ƙarancin iska muka rasa sakat. Mutanen Tibet, in ji shi, numfashi suke yawaitawa, na Andis jininsu ne mai kauri. Na ce, “Naku fa, Kawu?”

“Namu sirri ne. Likitocin ma suna kan nema.”

Wani hutu ya matsa in kai su garin Abha, shi da matarsa Inna Zulai, mu hau dutsen Suda. A hanya yana ta yi mata gargaɗi: “Ke asalinku Kano, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. In kin ji jiri ki riƙe ni.”

Ba mu yi awa uku a sama ba ya yi tsit. Sai ciwon kai, sai amai, yana haki. Inna kuwa gasasshiyar masara take ci. Da ta ga leɓensa ya sauya launi ta yar da ita ta ce, “Yalla, maza, Sani, ta da mota.” Na gangaro da mu a guje.

A asibiti aka sa masa iska, kafin la'asar ya dawo hayyacinsa. Inna ta zauna a ƙasa tana hamdala tana share ido. Da likita ya ji labarin kakar ya ce ba kowane jika ke gadon jinin tsauni ba, balle wanda ya shekara sittin a bakin teku. Kawu ya janye robar hancinsa.

“Mu goma sha ɗaya ne jikokinta. An raba gadon ina wajen aiki.”

Ya ƙara shekara tara a duniya, ya cika a kan gadonsa, Inna na gefe.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya yafe masa. Ya ɗaga shi can saman Aljanna, ya sa ya isa ba tare da haki ba.