Kifin da Ya Hana Dashen Albasa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Laraba na yi maganar da ba zan manta da ita ba har abada. Ina aji biyar na sakandare, na zo hutu gida Wurno. Gwaggona na yi mini kitso, ni kuma na duƙufa kan wani littafin halittun ruwa.

"Mi ke cikin littafin ga, ba ki ko ɗaga kai?" in ji ta.

Ni da magana ke yi wa wuya, ranar bakina ya buɗe. Na ba ta labarin shak, kifin teku mai cin mutane, irin mai kauri kamar bijimi. Na ce shi wannan yakan bar ruwan gishiri ya bi kogi ya yi nisa, ya fi son ruwa mai laka mara zurfi, kuma sai ya tunkuyi abu kafin ya cije shi.

Gwaggo ta tsayar da hannu. "Mai laka, mara zurhi? Ai gulbinmu kenan!"

Gwaggo kuwa ita ke yi wa matan unguwa kitso. Washegari da hantsi labari ya koma wai an saki ruwan madatsar Goronyo, kifin ya biyo shi. Matan da Baba ya ɗauka dashen albasa suka ƙi ƙetare gulbi zuwa fadama. Iri kuwa an riga an tuge shi, yana kwance yana yaushi.

Kwana biyu ina bin gidaje da littafi a hammata, har ƙafafuna suka kumbura. Sai in ce, "Inna, littahin bai ce akwai shi nan ba."

"To, ya ce babu?"

"Bai ce ba."

Na kasa faɗin abin da ban gani a rubuce ba, duk gidan da na shiga sai na ƙara ɓata lamarin. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya dai daina dubana, ga rabin irin ya bushe.

Rana ta uku na hau babur zuwa Tursa, wurin wani tsohon masunci da kowa ke jin maganarsa. Na durƙusa na tambaye shi ko kifin zai iya zuwa. Ya ɗago daga ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Ɗiyata, gulbin da jaki ka ƙetarawa da rani bai jiƙa ciki ba, ta ina dodon teku zai biyo? Koma ki ce musu ni nac ce babu. Gobe kuma in kin karanto abin ruwa, kawo ma masu ruwa su auna shi kahin ki kai ma mai kitso."