Fuskar Ocitti da Yatsun Lanyero

Ranar da tayar babur ta fashe a kasuwar Kitgum, na ɗauka harbi ne, na tsinci kaina ƙarƙashin teburin mai kifi, fitsari ya jiƙa mini zane. Lanyero ce ta kifar da tulun ruwanta a jikina, tana ta ba ni haƙuri da ƙarfi, don mutane su ce ruwa ne. Ko sunana ba ta sani ba.

Da can riɗi take sayarwa. Bayan yaƙi aka koya mata wani aiki a asibiti: ta zaunar da mutum, ya riƙe abin da ke hana shi barci a ransa, idonsa na bin yatsunta biyu, dama, hagu, har abin ya rage ƙuna.

Ta ce in zo ta yi mini. Na daɗe ina ƙi.

"Maman Oryem, yatsu ne fa, ba maciji ba," in ji ta.

"Ba su nake tsoro ba, yaya."

Sai na faɗa mata. An koya mini in durƙusa, in sunkuyar da kai gaban miji. Duk zamana da mijina Ocitti ban taɓa kallonsa sosai ba sai ranar da 'yan tawaye suka ɗaure shi a gonar gero, suka kashe shi. Ba mu da hoto. Wannan fuskar, mai jini, ita kaɗai gare ni. In ta dushe, me ya rage?

Ba ta yi mini ƙarya ba. "Tana iya dushewa," in ji ta. "Ke za ki zaɓa."

Na yi addu'a, na koma. Ina bin yatsun, ina kuka, sai ga dugadugansa masu faso a raina. Ga farcen da fartanya ta tsaga. Ga yadda yake kaɗa ƙafa in miyar yakuwa ta yi daɗi.

Da na gaya mata, Lanyero ta share hawaye tana dariya. "Ashe ƙafafu kika aura!"

Yanzu ina barci. Fuskar kuwa ta zama kamar ta mai tsayuwa bayan hayaƙi. Kullum bayan addu'ar safe nakan neme ta.

Da ciwo ya kwantar da Lanyero, Allah ya jiƙanta, na je dubiya. Na durƙusa bakin tabarma, kaina a ƙasa. Ta sa hannu ta ɗago haɓata.

"Ke matar ƙafafu, ni ma ba ni da hoto. Dube ni da kyau yau, tun da sauran kumatuna."