Takardun Kakana Ɗan Sikotlan

Shekaranjiya 'yata ta yi kuskure ta zuba gishiri a kunu maimakon sukari. Tana shirin zubarwa na ce ta miƙo min. Kurɓa ɗaya na yi sai ga ni a tsakar gidanmu na Arlit, ina zaune a kan wani buhun siminti da ya daskare, Kaka tana juya kununta da ludayin duma. Ita kaɗai na sani mai shan kunu da gishiri. In mun yi mata dariya sai ta ce haka mijinta yake sha, a wurinsa ta koya. Kalmar "mijina" kuwa takan ɗaga murya in za ta faɗe ta, yadda na bayan katanga za su ji.

Mijin nan Bature ne. Bakanike ne na wani kamfanin sayen gyaɗa da fatu, yana gyaran manyan motocin da ke kai da komo tsakanin Kano da Damagaram tun kafin mulkin kai. Kaka ta ce shi ba Bafaranshe ba ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi mutumin Ingila. Ɗan Sikotlan ne, ƙasar duwatsu da tumaki da ruwan sama. Ta ce ya yi kalmar shahada a gaban malamin unguwarsu, aka ɗaura aure, aka raba goro. Tana da cikin babana aka aiko masa cewa uwarsa na kwance ba lafiya. Ya tafi ya bar mata akwatin kayan aikinsa na ƙarfe, da sunansa da na garinsu a sassaƙe a jikin murfin, bai sake dawowa ba.

Babana ya taso dogo, fari, gashinsa na yin ja-ja in rana ta buge shi. Da aka buɗe aikin ma'adinai ya hau mota ya zo Arlit, ya samu aikin walda, daga baya ya ɗauko uwarsa. Unguwarmu ta 'yan Damagaram ce, a gefen gari, gidajen laka da ƙofofin gangunan da aka buge suka miƙe. Ina tuna ƙahon bas ɗin ma'aikata da sassafe, da layin famfo inda mata ke faɗa kan wadda ta riga ajiye bokiti, da Buzayen Gougaram da ke kawo mana cuku in an yi damina mai kyau a wajensu. Lokacin zafi ƙofar gidanmu ba ta taɓuwa da hannu sai ka naɗe shi da gefen zane.

A unguwar akwai wani dattijo da muke kira Baban Unguwa. Shi ya riga kowa zuwa daga Damagaram, kuma duk wanda ya sauko daga mota ba shi da masauki a zaurensa yake kwana. Shi ake tambaya asalin mutum in za a yi aure, shi ke zama gaba a suna da zaman makoki. Wuri ɗaya suke aiki da babana, har aka wayi gari an naɗa babana shef, wato shugaban aiki, a kansa.

Abin ya faru wata la'asar, ina 'yar shekara tara ko goma. Liman ya tafi gaisuwar mutuwa Tchirozérine. Ina zaune a inuwar katangar masallaci da farantin gyaɗar Kaka, ina jiran a sallame in yi ciniki. Masallacin rumfar kwano ce kawai, ana ganin komai. Mutane suka tura babana gaba don ya fi su karatu. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai Baban Unguwa ya miƙa hannu daga sahun farko ya jawo rigarsa ta baya.

"Koma baya," ya ce. "Ba a bin wanda ba a san ɗaurin auren uwarsa ba."

Babana ya sauke hannu, ya ratsa sahu ɗaya bayan ɗaya har ya kai na ƙarshe, ya bi wani salla. Da aka idar ya zo ya ɗauki farantina da kansa, ya riƙe hannuna muka tafi gida.

Kaka ta yafa mayafi ta je ƙofar gidan Baban Unguwa ta yi masa tas, har mata suka fito kallo. Bai ce mata komai ba sai, "Kawo shaida." Ya san malamin da ya ɗaura auren ya rasu, yayyenta ma sun rasu. Daga ranar maganar ta bi mu kamar wari. Yayana ya nemi aure a gidaje biyu, aka je bincike wurin Baban Unguwa, aka dawo da kayan. Yara a layin famfo suna ce min jikar wa-ya-sani. Babana bai sake tsayawa ko a sahu na biyu ba har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ranar da ya rasu, Baban Unguwa ne ya zauna a gaban tabarma yana karɓar gaisuwa, yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri. Kaka ba ta daɗe ba ta bi ɗanta.

Bari in gaya muku gaskiya, ni ban gaji haƙurin babana ba. Abin da aka yi min ina ajiye shi, ba ya ruɓewa. Ranar sadakar bakwai ɗin Kaka na tsaya a tsakiyar mata na rantse sai na kawo wa tsohon nan shaidar da ya nema, ko da daga ƙasar Turawa ne. Aka yi min dariya, wasu suka ce baƙin ciki ne ke sa ni surutu.

Na yi karatun ungozoma, na yi aure a Agadas inda ba a san labarin ba, shekaru suka yi ta tafiya. Akwatin ƙarfen na ƙarƙashin gadona. Sai da 'yata ta shiga jami'a ta iya Ingilishi, ta ce min mutanen ƙasar can sun saka tsofaffin rajistocinsu na haihuwa da aure da mutuwa a intanet, kowa na iya dubawa. Muka jawo akwatin, muka goge murfin da toka da lemun tsami har haruffan suka fito.

Neman ya ci mu. Masu irin sunansa a ƙasar sun yi yawa, kamar ka shiga kasuwa ka ce kana neman mai farar riga. Muka bi wani sai muka ga ya mutu yana jariri, muka bi wani sai ga shi ya tsufa a garinsu bai taɓa ƙetare ruwa ba. Daga ƙarshe 'yata ta gano shi a jerin fasinjojin wani jirgin ruwa da ya tashi daga Legas, an rubuta sana'arsa kanikanci. Ta kuma samu wata tsohuwa a garin nasu, cikin masu sha'awar tarihin iyalai, wadda ta ɗauki abin da zafi kamar kakanta ne. Ita ta gaya mana cewa tsofaffinsu da gishiri suke shan nasu kunun. Ita ce kuma ta nemo takardun, ta aiko mana ta gidan waya a babbar ambulan mai kan sarki kala-kala. Ni kuwa na riga na tsara komai a raina: za a fassara takardar, a karanta ta a ƙofar masallacin nan bayan la'asar, ina tsaye ina kallon fuskarsa.

'Yata ta buɗe, ta karanta a zuci, ta kife takardun a cinyarta. Na ce ta faɗa min ko mene ne.

Takardar farko ta haihuwarsa ce. Uwarsa 'yar aiki ce a gonar wani. Gurbin da ake rubuta sunan uba ba komai a ciki, kuma a ƙarƙashin sunan jaririn magatakarda ya rubuta kalmar da ake kiran ɗan da aka haifa ba aure. Ta biyu ta mutuwarsa ce. Bai cika shekara da komawa ba zazzaɓin da ya ɗauka daga nan ya kashe shi. Uwar da aka ce tana kwance ita ce ta je ta ba da sanarwar rasuwarsa, kuma a gurbin aure an rubuta cewa bai taɓa aure ba.

Na yi kuka, amma na fushi ne. Na zagi Baturen nan da ban taɓa gani ba, na ce ko a bakin mutuwa ya kasa buɗe baki ya ce ya bar mata da ciki a Damagaram. Daga baya na ce wataƙila ya faɗa, uwar ce ta ƙi kaiwa gaban magatakarda, ita da ta san abin da alƙalaminsu ya yi wa ɗanta tun yana cikin tsumma. Ban sani ba, kuma ba mai gaya min. Abin da na sani shi ne na tafi neman sandar dukan maƙiyi na dawo da guda biyu, duk shi za su yi wa amfani. Na mayar da takardun cikin ambulan na jefa a akwati.

Bara yayana ya kira ni ya ce Baban Unguwa ya kwanta, yana aikawa gida-gida ana nema masa yafiya, kuma ya ambaci sunana. Na hau bas na bi lalatacciyar hanyar Arlit. Na ɗauki ambulan ɗin, don na yi rantsuwa a gaban mata, ba zan shiga unguwar hannu rabbana ba. Na tarar an rufe ɗaya daga cikin ramukan ma'adinan, rabin unguwarmu sun koma kudu, gidaje a buɗe an ciccire ƙofofi.

Bayan azahar na shiga zaurensa. Yana kwance a kan katifa, ya zama ƙashi da fata, dattawa na zaune kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida uba. Idonsa bai tsaya a fuskata ba, ya tsaya a kan ambulan ɗin da kan sarkin Turawa.

"Kin samo ke nan," ya ce.

"Na samo, Baba."

"Har ɗaurin auren suka rubuta?"

Ban yi masa ƙarya ba, Allah ne shaidata, shiru kawai na yi ina riƙe da ambulan a kan cinyata. Ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "Ba sai kin karanta ba, ɗiyata. Ina wurin. Ina saurayi a lokacin, ni aka aika kasuwa na ɗauko goron."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Na ce, "To me babana ya yi maka, Baba?"

"Yaron da na saukar a zauren nan, na nema masa aiki da bakina, aka wayi gari shi ke gaya min abin da zan yi."

Shi ke nan dalilin. Saboda wannan babana ya mutu a sahun baya, saboda wannan Kaka ta ƙare rayuwarta tana ɗaga murya don katanga ta ji. Na tashi na leƙa waje, na kira ladan da masu shayin bakin hanya da duk wanda ke wucewa, na sa aka kira yayana. Da zaure ya cika na ce, "Baba, waɗannan ba su ji ba, a sake faɗa." Ya sake faɗa. Sannan ya miƙo hannu wajena.

"Ki yafe min, ɗiyata."

Na ce, "Ba rigata ka ja ba, Baba. Mai rigar yana maƙabartar bayan gari, uwarsa na kusa da shi. Ka kusa isa, sai ka tambaye su."

Dattawa suka yi ta ba ni baki, yayana ya bi ni har waje yana faɗa, ya ce shi kam ya yafe duniya da lahira. Na ce ya kyauta. Tsohon bai ga sanyin shekarar ba.

Yanzu masallacin ya zama na siminti, da lasifika da fanka, amma da ƙyar ake cika sahu biyu. Samarin da ke salla a ciki ba su san babana ba, kuma in za su yi aure ba wanda ke zuwa zauren kowa tambayar asali, a waya ake gama magana. Ba wanda ya taɓa karanta abin da ke cikin ambulan ɗin a Arlit, sai yau da nake gaya muku da kaina, don ban ga abin kunya ba a wurin 'yar aikin gonar nan da ta raini ɗanta ita kaɗai cikin sanyi. An ce in je in yi wa iyalan tsohon gaisuwa, na je na yi. An ce in furta cewa na yafe, ko don ya samu sauƙin kwanciya. Har yau ban furta ba.