Babur ɗin da Baba Bai Ji Zuwansa Ba

Mahaifina ya yi shekara goma sha tara yana tsallaka titi da kunne. Hawan jinin ido ne ya tafi da ganinsa, amma ya bar masa taurin kansa, wanda duk gidanmu ni ce na gaje shi. Kullum da hantsi yakan ɗauki sandarsa ya fita daga gidanmu na Fagge zuwa rumfarsa a Kantin Kwari. Yayana ne ke riƙe da ciniki, shi kuwa Baba ya zauna yana shafa shadda, yana gaya wa masu saye wadda za ta daɗe da wadda wanki biyu zai tona mata asiri. Titi ɗaya ne tsakaninsa da kasuwar. Yakan tsaya a bakinsa ya karkata kai, ya ware ƙarar adaidaita sahu daga ta babur, ya gane mai tahowa da mai tafiya. Da ya ji sarari sai ya wuce abinsa. Tsallaka titin nan shi ne abin alfaharinsa, ya sha gaya mana cewa muddin yana kai kansa kasuwa, bai zama kaya a wuyan kowa ba.

Wata Asabar da babu makaranta, don koyarwa nake yi, na biyo shi zan sayo yadi. Ina bayansa da taku biyar, domin ba ya yarda a jera da shi. Ya tsaya, ya saurara, ya jefa ƙafa. Sai ga wani babur ɗauke da turamen atamfa ya taho babu ƙara ko kaɗan. Mai shi ya taka burki, amma kan babur ɗin ya riga ya doke sandar Baba, ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar kwalta. Baba ya tsaya cak, hannunsa a buɗe yana laluben iska.

Ban san lokacin da na isa gaban mutumin ba. Tun da fetur ya yi tsada, masu babur suka tsiri kashe inji da sun ga 'yar gangara, su sulale a kan tayoyi don tattalin mai. Ni a raina abin da ya faru ke nan.

“Kai Malam, wace irin rowa ce wannan? Don kada ka ƙona mai cokali biyu shi ne za ka kashe inji ka sulalo kan bayin Allah? Ba ka ga dattijo ba ne?”

Magidanci ne mai furfura a gemu. Ya tsallaka ya ɗauko sandar, ya sa wa Baba a hannu yana ba shi haƙuri, sannan ya juyo gare ni. “Hajiya, wallahi a kunne yake. Na lantarki ne.”

Na ce ya raina wa wata hankali, ba ni ba. Sai dai ina faɗa ina duban titin, shimfiɗaɗɗe ne sumul, babu gangarar da za a sulalo. Ya ɗan murɗa hannun babur ɗin, abu ya matsa gaba da kansa, shiru. Na leƙa inda salansa take zama, babu. Na kai hannu wajen inji, inda na san fata ke saɓulewa, na ji ƙarfe da ɗan ɗumi kawai.

Baba ya yi kwana tara bai fita ba. Yayana har da hamdala, ya ce dama ya daɗe yana so a riƙa ɗauko shi a mota. Baba ya zauna a zaure da rediyonsa a kashe, in aka kai abinci ya ci loma biyu ya ture. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga yadda tsofaffi ke narkewa idan suka daina fita.

A rana ta goma mai babur ɗin ya zo dubiya da ledar lemo. Ashe shi ma ɗan Kwari ne, yana kai wa masu shaguna kaya a Sabon Gari. Bayan sun gaisa Baba ya ce, “Malam, ka kai ni inda ake sa wa babur ɗin nan wuta, in ga abin.” Haka yake cewa, in gani, kuma ba mai gyara masa.

Ya hau bayansa, ni na bi su a adaidaita ina ta addu'a. Da muka isa Sabon Gari na tarar da Baba yana murmushi. “Uwata,” haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “muna tafe muna hira kamar a zaure. Har cinikin wata mata da mai tumatir na ji, kuma ya cuce ta.”

Shagon da ake canjin batir ƙarami ne, a wani layi bayan kasuwa. A bango akwai wata doguwar durowar ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, kowace da 'yar fitila, wasu ja wasu kore. Mai kula da wurin wata mata ce 'yar Zariya, da ɗan gicciye a wuyanta da sukundireba a aljihun riga. Ta rusuna ta gaida Baba, ta kawo masa benci. Ya ce bai zo zama ba. Ya durƙusa gaban babur ɗin ya bi shi da tafin hannu tun daga fitila har tayar baya, yana tambaya. Ina fulogi? Babu. Ina ake zuba baƙin mai? Ba a zubawa. Giya fa? Ta ce ai murɗawa kawai ake yi.

Sai ta zaro batirin ta ɗora masa a cinya. Ya jinjina shi ya ce nauyinsa ya kai na turmin atamfa goma. Ta ce wannan ya gaji, ta tura shi cikin wata ƙofa, ta jawo wani daga ƙofa mai koriyar fitila ta zura a babur ɗin. Ko alwala mutum ba zai idar ba an gama. Ta ce da wannan mai babur zai wuni yana zirga-zirga.

“'Yata, wutar daga ina?”

“Daga rana, Baba. Farantan sola ne a kan rufi.”

Ya ɗaga fuskarsa sama ya daɗe a haka. “Wato ranar nan da ke dukan ƙeyata, ita kuka ɗura a akwati, ita ta ɗauko ni daga Fagge?” Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Ya ce, “Tsarki ya tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam wannan.” Ni kaina, shekara nawa ina koya wa yara cewa rana makamashi ce, sai ranar na yarda da abin da nake faɗa.

Daga nan ya faɗi ainihin abin da ya kawo shi. Ya ce wa mai babur ya riƙa wucewa ta gabansa, yana so ya koyi muryar abin. Layin shiru ne, mutumin ya wuce a hankali, ya dawo da gudu, ya sake wucewa. A karo na huɗu Baba ya ɗaga yatsa. “Ga shi nan ta dama. Yana da wani siririn kuka kamar na sauro, ga kuma taya tana taka yashi.” Bai sake kuskure ba. Matar ta tafa, ni kuwa har na fara shirya abin da zan gaya wa yayana.

Baba ya ce a'a, ba a layi yake tsallakawa ba. Muka koma bakin titinsa na Fagge da la'asar sakaliya, adaidaita na ta danna oda, janareto na ruri a shagunan gefe. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya karkata kai. Mai babur ya wuce ta gabansa, kusa har iskar ta kaɗa masa riga. Ya zagayo ya kuma, ya sake kumawa. Baba na tsaye yana jira.

“Uwata, ce masa ya fara mana.”

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Na ce, “Baba, sau uku ya wuce.”

Ya girgiza kai yana 'yar dariya. “Sau uku! Kai, waɗannan mutane sun iya aiki.” Ya tambayi mai babur ko irinsa suna da yawa a gari. Ya ce kullum ƙaruwa suke yi. Baba ya ce madalla, masu ciwon ƙirji za su huta da hayaƙi.

Washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa, ya ce kada wanda ya kira masa mota. Na tsaya daga bakin lungu ina hangensa. Ya isa bakin titi ya tsaya, bai karkata kai ba. Wani mutum ya zo wucewa da buhu a kafaɗa, sai na ji muryar mahaifina, a sarari, babu rawa a cikinta.

“Bawan Allah, don Allah tsallakar da ni.”

Mutumin ya kama hannunsa suka wuce. Na koma cikin gida na yi kukan da ban yi ba ranar da likita ya ce idon ya tafi.