Lamba Ɗaya Ka Ba Mu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, aka bugo waya shago aka ce ka cika. Na Bakin Taga, abokin aikina a shagon gyaran hoto, ga kujerarka nan ba kowa, kuma na kasa zama a kanta duk da shekarun da na yi ina kwaɗayinta.

Ba zan yi maka ƙarya don ka rasu ba: na yi kishinka, ina kuma yi har yanzu. Kwastoma zai shigo ya gaishe ni, ya wuce ni, ya tsaya a kanka. Kwamfutarka tsohuwa ce, ba ta da wurin ajiya, sai ka riƙa matse hoto zuwa launi ɗari biyu da hamsin da shida, kowane launi da lambarsa. Irin wannan hoton manhaja ba ta yarda a tausasa shi ko a sa masa inuwa. Rabin kayan gyaran da ke cikin manhajar dushewa suke yi, su ƙi taɓuwa. Ni ina wasa da miliyoyin launuka, amma naka ake ratayewa a falo. Abin yana ci mini rai.

Kirkinka ma haushi yake ba ni. Ranar da hoton auren wata tsohuwa ya gagare ni, ka bar abincinka ka gyara shi, ka ce mata aikina ne. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kamar in haɗiyi zuciya.

Shekaranjiya 'yarka ta fari ta kawo hoton da kake dariya, shi kaɗai gare ta irinsa. Ina tsaye gefenka a ciki, hannunka a kafaɗata. Cikin jin nauyi ta ce, "Baffa, ko za a cire ka, in rataye Baba shi kaɗai?"

Na ce ba komai, ai sana'armu ce. Ashe shi ma ka matse shi. Na goge kaina, gefen hannunka ya fito kamar haƙoran zarto. Na mayar da hoton cikakken launi, launukan da ka zubar ba su dawo ba, sai ɗige-ɗige. Na koma kan hoton yadda ka bar shi, na ce bari in duhunta rigata ta saje da bango. Ina canja lambar launinta, hularka ta yi baƙi tare da ita. Lamba ɗaya ka ba mu.

Da kai ne, da ka gama kafin shayi ya huce. Wannan ma ya ƙona mini rai.

Na gaya mata na kasa. Ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, sannan ta ce, "To a bar ka, Baffa. Dama kai yake yi wa dariyar."

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba mahaifiyarka da maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Idan akwai kujerar bakin taga a Aljanna, Allah Ya sa kai za a ba. Zan ji haushi, amma a ba ka.